Damina ta canza, amma tallafin noma yana nan kan shinkafa da masara da alkama

Manomin Gumel:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so masana da ke cikin zauren nan su sa baki. Babu manomin da zai yi musu cewa damina ta canza. Ruwa ya sauka a yi shuka, sai ya ɗauke mako biyu ko uku, tsiro ya ƙone, a sake neman iri. In ya dawo a watan Agusta kuma sai ya zo da ƙarfin da ƙasa ba ta iya shanyewa. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a ƙasar nan, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A Satumban 2024 madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. To amma ku duba inda gwamnatin tarayya ke zuba kuɗin noma. Shirin bashin manoma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 ya raba sama da naira tiriliyan ɗaya, kuma shinkafa ce ta kwashi kaso mafi tsoka. Masara da alkamar rani ma sun samu nasu kason. Ukun nan duk masu son ruwa ne da taki. Gero da dawa da wake, waɗanda ke iya jure tsayawar ruwa, an bar manomi da su shi da Allahnsa. Tambayata ita ce: in da gaske ake maganar sauyin yanayi, me ya sa tsarin noma na ƙasa ke tura mu ga amfanin da ya fi saurin mutuwa in ruwa ya saɓa?

Ɗan Dawanau:
Wa alaikumus salam. Malam, bari in faɗi abin da nake gani a kasuwa kullum. Gwamnati ba ta ƙi gero don ƙiyayya ba. Bakin mutane ne ya canza. Yaran birni shinkafa da taliya da burodi suke ci. Masu kiwon kaji masara suke saye tirela-tirela. Mafi yawan alkamar da ake niƙawa a ƙasar nan daga waje ake shigo da ita, da dala. Duk gwamnatin da ta hau za ta fara duba abin da ke cinye mata kuɗin waje ne. Kuma manomi ma ba wawa ba ne. In damina ta yi kyau aka samu taki, abin da kadada ɗaya ta masara za ta ba ka gero ba zai kusance shi ba. Shi ya sa har a garuruwan da kakanninmu ba su san masara sai a bayan gida ba, yau ita ce ta cika gonaki.

Manomin Gumel:
Alhaji, ai ka faɗi sharaɗin da kanka: in damina ta yi kyau, in an samu taki. Su biyun nan ne yanzu ba su da tabbas.

Tsohon Malamin Gona:
Salamu alaikum. Na karanta maganganunku, kuma kowa yana da gaskiya a ɓangarensa. Ku ba ni dama in ɗan yi tsawo, don wannan aikin shi na tsufa a ciki.

Abin da samari da yawa ba su lura da shi ba shi ne, gonar Bahaushe ta da can ba a tsara ta don ta ba da amfani mafi yawa a shekara mai kyau ba. An tsara ta ne don kada a tashi a tutar babu a shekara mara kyau. Da ruwan farko a shuka gero, wani ma tun kafin ruwa ya yi binne. Bayan 'yan kwanaki a sa dawa. In gero ya tasa, a bi tsakani da wake ko gyaɗa, a gefen gona yakuwa da kuɓewa da riɗi. Wannan shi ne gicci da muka gada. Gero ya nuna da wuri, a girbe shi, iyali su fita daga yunwar tsakiyar damina, dawa da wake su samu sarari da iska. In ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya riga ya tsira. In ya yi jinkirin ɗaukewa, dawa da maiwa su ci riba. Ko wake bai yi 'ya'ya ba, harawarsa kuɗi ce da rani.

Mun ga abin da dogaro da abu guda ke jawowa. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta bi gonakin Arewa ta share su, kuma hakan ya zo ne a kan gajiyar farin 1972 zuwa 1974. Daga nan dalar gyaɗa ta Kano ba ta sake miƙewa ba. Kwanan nan ma, a 2016 tsutsar da ake kira sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, a shekarar ce kuma sabuwar tsutsar masara ta ɓulla a ƙasar nan. A 2023 cuta ta faɗa wa citta a Kudancin Kaduna, mutanen da rayuwarsu kaf ta rataya a kanta suka shiga halin ƙaƙa-nika-yi. Duk wanda ke rubuta tsarin noma na ƙasa ya kamata waɗannan shekarun su kasance a gabansa.

Ɗalibar Samaru:
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na yarda da kai kan gicci, amma ina da ƙari, domin kada wasu su fahimci cewa mafita ita ce mu koma irin kaka da kakanni kawai. Yawancin tsofaffin irinmu, kamar kaura da farafara a dawa, ko kanannado a wake, tsawon yini ne ke sa su fure. Ko ka shuka su da wuri, sai lokacinsu ya yi, wajen ƙarshen damina. A da wannan dabara ce mai kyau, don suna nuna ne bayan ruwa ya ɗauke, ƙwaya ta bushe tsaf. Yanzu kuwa in ruwa ya yanke a farkon Satumba, suna tsakiyar fitar da kai, shi ke nan sai kara. A nan ne ingantaccen iri mai saurin nuna yake da amfani. Geron SOSAT, wanda aka samar a Mali tare da ICRISAT, cibiyar duniya mai binciken amfanin gonar yankunan ƙarancin ruwa, kuma aka amince da shi a Najeriya a 2000, yana nuna cikin kwana 90 ko kusa da haka. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ita ke da alhakin gero, ta kuma fitar da wasu bayansa. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru ta fitar da dawa da wake da gyaɗa da masara masu saurin nuna, wasu ma na jure wuta-wuta. Ga masu fadama, a 2017 an fitar da shinkafar FARO 66 da FARO 67, waɗanda ke iya kwana kusan mako biyu a ƙarƙashin ruwa su tashi. Irin yana nan a cibiyoyin bincike. Isar sa hannun manomin Gumel ko Baɓura a kan kari, a nan gizo ke saƙar.

Tsohon Malamin Gona:
'Yata, madalla, ilimi ya yi amfani. Sai dai ki ƙara da ɗaya gefen. Na ga shekarar da ruwa ya zarce har cikin Oktoba. Masu dawa mai saurin nuna ƙwayarsu ta yi baƙi a kan kara saboda laima, kuma da yake gonarsu ce ta fara nuna a yankin, tsuntsaye duk a kanta suka sauka. Masu kaura kuwa suka cika rumbu. Sannan karan sabon iri gajere ne, manomi kuma yana son kara don danni da jinka da dabbobi. Matsalar yanzu ba gajartar damina kaɗai ba ce, rashin sanin yadda za ta kasance ne. Saboda haka ni shawarata ga manomi ita ce ya raba gonarsa, sabon iri a wani ɓangare, tsohon a wani. Shawarata ga gwamnati kuma, ta daina auna nasarar shiri da yawan buhun iri ɗaya da aka raba.

Ɗalibar Samaru:
Haka ne Baba, ban musa ba. Mu ma a wajen samar da sabon iri, tsohon ne jarinmu. Jure fari da jure wuta-wuta daga irin manoma ake ciro su. Rumbun adana iri na cibiyar binciken noma ta duniya, IITA, a Ibadan na riƙe da nau'in wake kusan 15,000, babu kamarsa a duniya, kuma kaso mai yawa daga gonakin yankinmu aka tattaro. Akwai kuma cibiyar adana iri ta NACGRAB ta gwamnatin tarayya, ita ma a Ibadan. Amma irin da ke kwance a ɗakin sanyi yana nan yadda aka ajiye shi. Wanda ake shukawa kowace damina shi ne ke sabawa da sabon yanayi, don manomi na zaɓen zangarniyar da ta tsira. In manoma suka daina shuka shi, wannan aikin ya tsaya.

Maman Ilham:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ku yi haƙuri in shigo, don duk maganar nan ta tsaya a gona, ba ta shigo cikin gida ba. Ni sana'ata garin kunu da fura da tsakin dawa. Alhaji ya ce bakin mutane ya canza. Ni kuwa cewa nake hannun mata ne ya gaji. Shinkafa ka wanke ka zuba a tukunya. Gero kuwa sai an surfa, an bushe, an wanke, an rege tsakuwa, an kai niƙa, an tankaɗe. Matar da ke zuwa aiki ko makaranta yaushe za ta yi wannan? Amma duk ranar da na ƙulla garin kunun tsamiya mai tsabta a leda, ba ya kwana, kuma ma'aikata ne masu sayensa. Masu ciwon suga kullum suna tambayata acca, wadda ake kawowa daga Filato da Bauchi, kuma tsadarta ba daga noma ba ne kawai, daga wahalar surfe da fitar da yashi ne, don ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai. An kafa manyan injinan casar shinkafa a Kano da Kebbi da Jigawa da taimakon bashin gwamnati. Ina na gero da acca? A ba ƙungiyoyin mata ƙananan injinan surfe da na cire tsakuwa, ku ga in buƙata ba ta tashi ba.

Sannan a tuna, gurjiya da yakuwa da riɗi da kuɓewa da zogale, a gidaje da yawa mata ne ke riƙe da irinsu. Kakata a cikin ƙwarya take ajiye irin wake, ta cakuɗa shi da toka ta liƙe bakin da laka, zangarniyar gero ta iri kuma a saman murhu take rataye ta, hayaƙi na korar ƙwari. Ban taɓa jin an zo rabon tallafi an tambayi mace wane iri take da shi ba.

Ɗan Dawanau:
Hajiya, a nan kin kama ni. Gaskiya ce, in aka samu mai saye tsayayye, manomi ba ya buƙatar wa'azi. Ku duba riɗi da zoɓo. Babu wani babban shiri da aka yi musu, amma da 'yan kasuwar waje suka buɗe baki, Jigawa ta cika da su. Dawa ma haka: tun da aka hana shigo da sha'ir a 1988, kamfanonin lemon malt suka koma sayen dawa, kuma har gobe suna saye. Amma ina nan kan bakata a abu ɗaya. Kada a rage wa shinkafa da masara komai. Yawanmu ya haura miliyan 200, gero kaɗai ba zai ciyar da Legas da Kano ba.

Manomin Gumel:
Alhaji, babu wanda ya ce a daina shinkafa. A Haɗeja da Auyo da Argungu, inda ruwa yake, a yi ta har a gaji. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki tsarin fadama a ɗora wa mai jigawa. Ƙasata rairayi ce. Wata shekara an zo da wani shiri garinmu, ƙunshin da aka kawo irin masara ne da taki da maganin feshi, babu zaɓi. Kuma kayan ba su iso ba sai da damina ta yi nisa. Waɗanda suka karɓa suka shuka, ruwa ya yanke masara na fitar da gemu, ga bashi a wuya. Da an tambaye mu, irin gero mai saurin nuna da wake za mu ce, kuma a kawo a watan Mayu.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ina biye da ku daga nan Maraɗi, kuma ruwanmu bai kai naku ba, don haka abin da kuke tsoro mu mun daɗe cikinsa. Ina so in kawo maganar itace, don ba a raba ta da maganar hatsi.

Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, gonakinmu sun zama fili fetal. Iska ta taso ta binne tsiro da rairayi, mutum ya yi shuka sau uku ko huɗu. An kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa, akasarinsu suka mutu. Abin da ya yi aiki shi ne wanda muke kira sassaben zamani. Kututturen da ke gona yana tofo kowace shekara, da can sai a sare tofon duka a ƙone. Yanzu sai ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka datse sauran, ka riƙa gyara su. Saiwar tana nan da ranta a ƙasa, don haka girmansa ya fi na dashe sauri nesa ba kusa ba. Wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗa dabarar a yankin Maraɗi a 1983, manoma suka ɗauka suka kai ta gaba da kansu. Masu bincike sun ƙiyasta kadada kusan miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar ta wannan hanya, da itatuwa wajen miliyan 200. Ku zo ku ga hatsin da ke ƙarƙashin gawo. Gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne.

Inda maganar ta shafi gwamnati shi ne nan. Da can manomi na tsoron barin itace a gonarsa, don in ya girma na hukuma ne, ka sare reshe a ci ka tara. Sai da aka sassauta wannan mutane suka saki jiki, kuma a Yulin 2020 aka sa hannu kan dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya rena a gonarsa. Wannan gyaran bai ci kuɗin taki ko na tarakta ba.

Tsohon Malamin Gona:
Malam na Maraɗi, Allah ya saka da alheri. Tsakanin Maraɗi da Katsina ƙasa ɗaya ce, iska ɗaya. Mu ma muna da hukumar Great Green Wall mai yaƙi da kwararowar hamada tun 2015, ga kuma shirin farfaɗo da ƙasar noma na ACReSAL na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya, wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja. Fatana shi ne a cikin wannan kuɗin a ware na koya wa manomi renon tofo da haƙa ramukan tassa da rabin-wata masu tare ruwan sama, kada ya ƙare a bikin dashen itace da ba mai ba shi ruwa bayan an watse. Kuma majalisun jihohi su duba dokokin gandun daji, su rubuta ƙarara cewa itacen da ka rena a gonarka naka ne.

Mai Masakwa:
Salam. Daga Borno nake. Akwai noman da ban ji an ambata ba, kuma shi ne amsar shekarar ambaliya a wajenmu. Masakwa dawa ce da ake renonta kamar shinkafa, sannan in ruwa ya janye daga baƙar ƙasar firgi a ƙarshen damina, a huda rami da sanda, a zuba ɗan ruwa, a dasa. Daga nan ba ruwan sama, ba ban-ruwa, laimar da ƙasa ta riƙe ita ke kai ta har girbi a wajen Janairu zuwa Fabrairu. 'Yan'uwanmu na Arewacin Kamaru da Chadi ma suna yin ta sosai. Shekarar da ruwa ya yi yawa ya ci amfanin damina, ita ce shekarar da firgi ke ƙoshi. Ba ta neman famfo, ba ta neman fetur. A kwatanta da alkama, wadda sai an shuka ta tsakanin tsakiyar Nuwamba da tsakiyar Disamba don ta samu sanyin hunturu, in aka makara zafi ya riske ta tana cika ƙwaya. Ban ce a bar alkama ba, amma ina so in ga ranar da za a sa masakwa a cikin shirin noman rani da sunanta.

Ɗan Zamfara:
Ku gafarce ni, akwai abin da ke kashe iri fiye da fari a wajenmu. Ƙauyen da aka tasa, aka ƙone rumbuna, irin da suka gada ya tafi ke nan. Mutum ya yi shekara biyu ko uku a gudun hijira, in ya koma sai ya sayi hatsin kasuwa ya shuka, bai san daga ina ya fito ba, bai san kwanansa ba. Akwai wata farar dawa da dangin mahaifiyata ke shukawa, yau ko a ƙauyukan kusa an neme ta an rasa. Duk tsarin da za a rubuta, in babu tsaro takarda ce kawai. In kuma za a mayar da mutane garuruwansu, a nemo musu irin yankinsu, kada a ba su abin da ya rage a sito.

Maman Ilham:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ɗan'uwa.

Manomin Gumel:
Amin ya Allah. Malama ta Samaru, ke da kike kusa da takardu, shin babu wannan maganar a rubuce ne, ko akwai ta aiwatarwa ce babu?

Ɗalibar Samaru:
Yaya, rubutu kam akwai. Tun 2011 aka fitar da tsarin ƙasa na tunkarar sauyin yanayi, kuma noma na ciki. A Nuwamban 2021 aka sa hannu kan dokar sauyin yanayi. Tsarin noma na ƙasa na 2022 zuwa 2027, wato NATIP, shi ma ya yi maganar noma mai dacewa da yanayi. Akwai dokar iri ta 2019, da ta kare haƙƙin masu ƙirƙiro iri ta 2021. Inda ake gane gaskiyar tsari shi ne kasafin kuɗi. A Maputo a 2003 ƙasashen Afirka suka yi alkawarin ware wa noma kashi 10 cikin 100, aka sabunta a Malabo a 2014, amma kason gwamnatin tarayya bai kusanci haka ba.

Akwai kuma dalili na kasuwa. Kamfanin iri ya fi son masarar aure, wato wadda aka haɗa iri biyu aka samar, don dole manomi ya dawo ya saya kowace shekara. Gero da wake kuwa in ka saya sau ɗaya za ka iya ɗiban iri daga gonarka shekara biyu ko uku, ribar kamfani kaɗan ce. Irin wannan gurbin gwamnati ce ya kamata ta cike: ta biya cibiyoyin bincike su samar da irin tushe, a horar da manoma a kowace ƙaramar hukuma su riɓanya shi, hukumar iri ta ƙasa ta duba ingancinsa, a sayar a ƙananan ƙulli na kilo ɗaya ko biyu da talaka zai iya gwadawa. Haka hasashen damina da hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara. Yana faɗin lokacin saukar ruwa da ɗaukewarsa da inda ake tsammanin tsayawarsa. In ya isa ga manomi da Hausa ta rediyo kafin ya zaɓi iri, ya yi amfani. In an raba iri ba tare da an dube shi ba, an yi aikin banza.

Ɗan Dawanau:
To Malama, tunda kin kawo maganar iri, wannan waken da aka sauya wa halitta fa? Mutane na tambayarmu a kasuwa.

Ɗalibar Samaru:
Alhaji, SAMPEA 20-T ke nan, an fitar da shi a 2019 don ya jure tsutsar da ke huda furen wake da kwansonsa, ya rage yawan feshi. Masarar TELA, wadda ita ma aka sauya wa halitta, a 2024 aka fitar da ita. Muhawararsu doguwa ce, a buɗe mata zare nata. Abin da ya shafi maganarmu shi ne, ko wane iri ne, na gargajiya ko na ɗakin bincike, in shi kaɗai ya mamaye gonaki, ranar da cutar da ta fi ƙarfinsa ta zo babu wurin gudu.

Tsohon Malamin Gona:
Alhaji, ga wani abu da zai yi maka daɗi a matsayinka na ɗan kasuwa. Indiya ce ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa. A can gwamnati na sanya wa gero da dawa farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba, wasu jihohi kamar Odisha kuma suna sayen dangin gero su sa a rabon abinci. Mu nan an fara shirin ciyar da 'yan firamare a 2016, muna da rumbunan ajiyar hatsi na tarayya, ga makarantun kwana da asibitoci da barikoki. In aka ce a jihohin Arewa kunun gero da ɗanwake da tuwon dawa su shiga jerin abincin, kuma daga manoman jihar za a saya da kaka, kasuwa ta samu ba tare da an ƙirƙiri sabuwar hukuma ba. Najeriya ce kan gaba a noman wake a duniya, Nijar na biye. Abin da muka fi kowa iyawa ke nan.

Ɗan Dawanau:
Baba, wannan zan sa hannu a kai, da sharaɗi biyu. A biya manomi a kan lokaci, kuma kada gwamnati ta ce a noma sannan da kaka ta buɗe ƙofar shigo da hatsi farashi ya faɗi ƙasa da kuɗin taki. Wanda ya yi asara sau ɗaya ta wannan hanya, shekara mai zuwa ba zai saurari kowa ba. Sai kuma ajiya. Wake in ba a buhun PICS mai leda biyu a ciki aka sa shi ba, ƙwari sun gama da shi kafin azumi, ko kuma a zuba masa maganin da ke cutar da mai ci. A sa buhun nan a cikin tallafi.

Manomin Gumel:
Na gode muku ƙwarai. Ga abin da nake ganin za mu iya da hannunmu. Kafin a gabatar da kasafin jiha, ƙungiyarmu za ta rubuta wa kwamitin noma na majalisar jiha, mu nemi a bar manomi ya zaɓi irin da ya dace da ƙasarsa a cikin tallafi, a kuma kawo shi kafin ruwan farko. Baba, in ka amince zan turo maka daftarin ka gyara. Hajiya, ki rubuto mana irin injinan da kuke buƙata da sunayensu. Ɗan'uwa na Zamfara, ka kwatanta mini farar dawar nan: tsawon karanta, yanayin zangarniyarta, da watan da take nuna. Akwai tsofaffi a wajenmu da ke da tsohon iri kala-kala, zan tambaya.

Ɗan Zamfara:
Allah ya saka, Malam. Doguwa ce sosai, zangarniyarta a sake take tana rinjayowa ƙasa, ƙwayar fara tas, tuwonta na kwana bai saki ba. Ana girbe ta bayan an gama da wake. Zan tambayi kawuna sunan da suke kiranta da shi in turo maka.

Ɗan Maraɗi:
In ba a samu a Gumel ba ku sanar da ni. Ranar kasuwa zan tambayi masu kawo dawa daga wajen Madarunfa da Gabi, iyakarsu ɗaya da ƙasarku.